Sharhi a kan kwalin Hokuto no Ken: faifan ya maƙale a daidai inda labarin ya fi daɗi

Na sayi kwalin faya-fayan Hokuto no Ken, shirin katun na Japan wanda mafi yawan masu kallo suka fi sani da sunansa na Turanci, Fist of the North Star, daga hannun ɗaya daga cikin masu tallar kaya a intanet, a kan kuɗin da duk mai sayen irin waɗannan kwalaye ya san ba na wasa ba ne. Tallar ta yi alkawarin abu uku: zangon farko mai kashi 109, wanda kamfanin Toei ya shirya kuma tashar Fuji ta Japan ta nuna daga 1984 zuwa 1987, da zango na biyu mai kashi 43 da ya ƙare a 1988, sannan fim ɗin 1986 a matsayin gyara. Zanguna biyun sun iso cikin kwali mai kyan gani, fim ɗin kuwa babu shi babu dalilinsa, amma ban ɗaga hankalina a kan haka ba a lokacin, domin shirin talabijin ɗin ne ya kai ni saye, kuma shi na samu.

Faɗa kawai nake nema a ciki. Na san labarin a taƙaice kamar yadda kowa ya san shi: yaƙin nukiliya ya ƙone duniya a wata shekara da ba a fayyace ba cikin shekarun 1990, tekuna sun ƙafe, ruwa da abinci sun maye gurbin kuɗi, 'yan daba a kan babura suna farautar raunana, sai ga Kenshiro mai tabo bakwai a ƙirji, jere irin na taurari bakwai na arewa, magajin salon faɗan Hokuto Shinken wanda ba a gadar da shi sai ga mutum ɗaya a kowane zamani. Salon ya dogara ne a kan makasa 708 da ke jikin ɗan Adam, ta yadda idan ya taɓa ɗaya da yatsa, abokin gaba zai ci gaba da cika baki na ɗan lokaci, Kenshiro ya shaida masa cewa ai ya riga ya mutu, sannan jikinsa ya tarwatse daga ciki. Wanda ya taso da kallon Bruce Lee zai gane inda aka samo ihun jarumin da tsayuwarsa, kuma mai zanen littafin da aka ɗauko shirin daga cikinsa, Tetsuo Hara, bai taɓa ɓoye tasirin da Bruce Lee da fim ɗin Mad Max 2 suka yi a kansa ba.

Kashi 22 na farko sun gwada haƙurina matuƙa. Shin, wanda ya huda wa Kenshiro ƙirji da yatsa ya kuma ƙwace masa budurwarsa Yuriya, yana zaune a birninsa yana turo yaransa ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowane kashi tafiyarsa ɗaya ce: ƙauye, 'yan daba, kukan bayin Allah, isowar jarumi a makare, rigarsa ta yage, kawuna su fashe. Abu guda da ya tsaya mini a rai a wannan tsakani shi ne dattijon da ya sha wahala ya samo 'yar jakar irin shinkafa domin ƙauyensu, ya ƙi yarda a cinye ta yau saboda gobe, aka kashe shi a kanta, Kenshiro ya watsa irin a kan kabarinsa. Daga zuwan Rei, wani gwanin faɗa da ya zama abokin Kenshiro, abubuwa suka fara gyaruwa, aka fito da 'yan'uwan Kenshiro na gidan malaminsu Ryuken, wato Jagi mai hassada, da Toki mai warkar da marasa lafiya da salon da aka ƙirƙira don kisa, da Raoh wanda ba ya ganin mafi yawan abokan karawarsa sun isa ya sauko musu daga kan baƙin dokinsa.

Duk wannan bai shirya ni ga labarin Shu ba, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan sharhi. Shu makaho ne, gwani a ɗaya daga cikin salon Nanto, makarantar faɗa kishiyar Hokuto, kuma yadda ya makance shi ne ginshiƙin komai. Lokacin da Kenshiro yana yaro an kai shi gwajin karawa da mutum goma na ɓangaren Nanto, bisa sharaɗin cewa baƙon da ya sha kaye ba ya fita da ransa. Yaron ya kayar da tara, na goman shi ne Shu, wanda ya kayar da shi cikin sauƙi, amma ya hango wani abu a tattare da shi da ya sa ya ƙi kashe shi, ya tsiyaye idanunsa biyu da hannunsa a matsayin fansar ran yaron. Bayan yaƙin nukiliya, Shu ne ke jagorantar masu turjiya ga Sauza, azzalumin da ya naɗa kansa sarki mai tsarki, yana sace yara ƙanana yana sa su aikin bauta na gina masa wata ƙatuwar dala. Kenshiro ya kara da Sauza ya taɓa makasarsa, ya ƙirga masa daƙiƙun mutuwa kamar yadda ya saba, sai Sauza ya ƙarasa ƙirgar da kansa yana dariya, domin salon bai kama shi ba. Wannan ne karo na farko da na ga dabarar da aka gina shirin gaba ɗaya a kanta ta gaza, kuma wanda ya fitar da Kenshiro daga kurkuku bayan wannan kaye shi ne Shiba, ɗan Shu, wanda ya tayar da nakiya a jikinsa don ya tare masu bin sawunsu.

Daga nan Shu ya tafi ya tunkari Sauza shi kaɗai. Sauza ya yanke masa jijiyoyin ƙafa, ya tara mata da yara a matsayin garkuwa, ya ɗora masa dutsen da zai zama ƙololuwar dalar, ya ce ya hau da shi matakala har sama, idan ya bari ya faɗi ƙasa a hallaka su duka. Makaho ne ga ƙafafu a yanke, yana hawa taki ɗaya bayan ɗaya, jini yana bin matakala, yaran da aka bautar suna kallonsa suna kuka, Kenshiro kuma yana tahowa a guje daga nesa. Ina zaune na manta da shayin da ke gabana, Shu ya kusa kai wa sama, sai hoton ya tsaya cak, ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai masu launi, sauti ya ɗauke, na'urar ta yi ta ƙara tana neman inda za ta kama, daga bisani ta tsallake kai tsaye zuwa wani kashi da ke gaba, inda an riga an gama da Sauza ana batun wani abu dabam.

Na goge faifan da tsumma mai laushi, na gwada shi a kwamfuta, na kai gidan wani abokina mai sabuwar na'ura, a ko'ina wuri ɗaya yake maƙalewa. Babu ƙarzuwa ko ɗaya a fuskarsa, wanda ke nuna cewa daga wajen kwafa aka samu matsalar, kuma da na duba shi a haske sai na ga launin bayansa ya bambanta da na faya-fayan asali da nake da su. Na rubuta wa mai kayan cikin ladabi, na tura masa hoton allon. Amsarsa ta farko ita ce: “Yallaɓai, kaya sun bar hannunmu lafiya, wataƙila na'urarka ce.” Da na nuna masa cewa ba a na'ura ɗaya na gwada ba, sai ya ce ai tsohon katun ne, irinsu haka suke, kuma kashi biyu ko uku cikin 152 ba abin da za a yi ta magana a kai ba ne. Wannan maganar ta fi maƙalewar faifan ɓata mini rai, domin ta nuna mini cewa mutumin bai san abin da yake sayarwa ba. Da kashi goma ne suka lalace cikin yawon yaran Shin, da ko saƙo ba zan tura masa ba.

Ƙarshen labarin a littafi na same shi, domin abokin nan nawa yana da mangar, wato littafin labarin na asali mai zane-zane, bugun Turanci mai kaurin bango wanda kamfanin Viz ya fara fitarwa a 2021. A nan na karanta yadda aka yi wa Shu ruwan kibau a saman dalar, Sauza ya cake shi da mashi, ganinsa ya dawo na ɗan lokaci har ya ga fuskar yaron da ya sayi ransa da idanunsa ya zama babban mutum, sannan dutsen ya danne shi. A nan kuma na ga sirrin Sauza, cewa zuciyarsa a dama take kuma makasarsa a juye suke, da dalilin ƙiyayyarsa ga ƙauna: maraya ne da malaminsa Ogai ya raina, aka rufe masa ido yana ɗan shekara 15 aka ce ya kashe wanda zai kawo masa hari, da ya buɗe ido ya tarar malamin nasa ne ya kashe, kuma dalar da ya hallaka yara a kanta kabarin wannan malami ce. Buronson, marubucin labarin, ya iya sa mai karatu ya tausaya wa azzalumi ba tare da ya wanke shi ba, kuma ban yi tsammanin haka daga labarin da aka buga a mujallar samari ta Weekly Shonen Jump ba.

Sai dai karanta littafin ya sauya mini ra'ayi a kan shirin da na saya. Mangar, wadda ta fito daga 1983 zuwa 1988 cikin babi 245 da aka tara a juzu'i 27, ta gama da Shin cikin 'yan babobin farko, don haka yawancin abin da ya gajiyar da ni a kashi 22 ɗin nan ciko ne da aka ƙara don kada shirin ya cim ma mujallar. Zanen Hara cike yake da inuwa da nauyi, kowace tsoka da kowane tsumma an ba su haƙƙinsu, na talabijin kuwa yakan canja daga kashi zuwa kashi, ana maimaita hoto ɗaya na yagewar riga har mutum ya haddace shi, jinin ma an mayar da shi fari ko an ɓoye shi cikin inuwa saboda lokacin da ake nuna shirin. Ga kuma kashe-kashen waiwaye, waɗanda ba komai a cikinsu sai tsoffin hotuna da aka sake jerawa, kuma duk an ƙirga su cikin 152 ɗin da mai kayan ke taƙama da su. Abin da littafi ba zai iya bayarwa ba shi ne sauti: muryar Akira Kamiya a matsayin Kenshiro, da ta Kenji Utsumi a matsayin Raoh, da waƙar buɗewa ta ƙungiyar Crystal King, da Shigeru Chiba mai shelar kashi na gaba wanda ihunsa ke ƙaruwa yayin da shirin ke nisa har abin ya koma ban dariya. Kwalin nawa muryar Japananci ce da rubutun Turanci a ƙasan allo, kuma na gode da hakan, domin wanda ya san shirin ta fassarar Faransanci ta Ken le Survivant, wadda aka fara nunawa a 1988 kuma masu muryoyinta suka cika ta da barkwanci, ba zai gane nauyin waɗannan wurare ba.

Faya-fayan da ke ɗauke da ƙarshen Raoh sun yi aiki lafiya, kuma mutuwarsa a tsaye, dunƙulallen hannunsa a sama, yana cewa bai bar nadama ko ɗaya a rayuwarsa ba, ta isa ta zama rufin labarin. Ba banza ba aka shirya masa taron jana'iza na gaske a wani wurin ibada a Tokyo a 2007. Zango na biyu kuwa da ƙyar na kai ƙarshensa. Bat da Lin, yara biyun da ke bin Kenshiro tun farkon shirin, sun girma, an kawo wani sabon mayaƙi mai suna Falco, an ƙetare teku zuwa ƙasar Shura, sai ga Kaioh wai shi yayan Raoh ne, ga Hyoh wai shi yayan Kenshiro ne, dangin da babu wanda ya ambata a kashi 109 na baya. Ko shi ma bai kai ƙarshen mangar ba, domin labarin Ryu, ɗan Raoh, ba ya ciki, saboda haka kalmar “cikakke” da ke jikin tallar ta shirin talabijin ce kawai. Matan labarin, in ban da mayaƙiya Mamiya, yawanci jiran mai ceto suke yi, kuma kada kowa ya ga katun ne ya kunna wa yara ya fita.

Duk mai niyyar sayen irin wannan kwali ya nemi a kunna masa faifan da ke ɗauke da labarin Sauza ya gani da idonsa kafin ya tura kuɗi, ya kuma tambayi inda fim ɗin 1986 yake tun kafin a ɗaure kaya. Ni dai har yanzu ba a canja mini faifan ba, kuma saƙon ƙarshe da na samu daga mai kayan shi ne cewa sabon kaya na hanya, har da fim ɗin a ciki, amma sai na ƙara kuɗi.