Masu zuwa gida ɗibar jini: sun ceci Mma, amma har yau ina jin haushinsu

Mma ta dawo Kumasi daga Bawku a motar dare, ƙafarta ta hagu a kumbure, muka ce zaman mota ne. Bayan kwana uku tana alwala numfashi ya sarƙe mata. A asibitin Komfo Anokye hoton CT ya nuna gudan jini ne ya taso daga jijiyar ƙafar ya je ya toshe jijiyar huhu. Allah ya sa da sauran kwana. Aka sallame ta da warfarin, maganin tsinka jini, likita ya ce a riƙa gwajin INR mai auna yadda jinin ya tsinke, kada ya sauka ƙasa da 2 ko ya haura 3. Ɗauko tsohuwa daga unguwar Aboabo a cunkoson safe ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa na koma ga wani ɗakin gwaji da ke aiko ma'aikaci gida.

Zuwansu na biyu ne ba zan manta ba. Yarinyar da suka aiko ta naɗe hannun rigar Mma, sai ta tsaya. Jini ya kwanta a damtsen, tabo biyu baƙi ƙirin, ni da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ban lura ba. Ta ce, “Hajiya, dasashinki yana jini in kin yi asuwaki?” Mma ta ce kwana huɗu ke nan. Ta nemi a kawo mata duk abin da Mma ke sha. Na zazzage jaka a kan tabarma, sai ga diclofenac da maƙwabciya ta ba ta saboda ciwon gwiwa. Yarinyar ta ware shi gefe, ta ce ba a haɗa shi da warfarin, yana jawo zubar jini. Ƙarfe tara na dare ta kira ni da wayarta, INR ya wuce 5, kada mu jira gari ya waye. A daren muka koma asibiti, aka dakatar da maganin na ɗan lokaci. Wallahi da a ranar na rubuta wannan, yabo kawai za ku karanta.

Amma fa wata na uku wani saurayi suka turo. Mun yi da su ƙarfe takwas, sai bayan azahar ya iso, ko sannu babu. Sau huɗu ya soki Mma yana neman jijiya, matar da ke shan maganin tsinka jini! Audugar da ya ɗora ta jiƙe sharkaf, ni na danne wurin da yatsa kusan minti goma. Kuɗi kuwa tun safe sun karɓa ta MoMo, wato biya ta waya. Sakamakon da suke bayarwa a yini sai da ya kwana biyu, muka je ganin likita hannu rabbana. Na kira ofishinsu, wata ta ce “sai haƙuri” ta katse.

Yanzu in zan kira, sai na ce yarinyar nan nake so. In sun ce ba ta aiki ranar, mota nake ɗauka mu tafi asibiti.