Mako biyu ina sauraron tsofaffin Singafo

Kakana ya yi yaƙin Burma, ya dawo, ya rasu ba wanda ya ɗauki muryarsa. Wannan ne ya sa da na ji cewa Ma'adanar Tarihi ta Ƙasar Singafo ta zuba hirarrakin mutanen tsibirin a shafinta na Archives Online, kuma kyauta, na ce bari in ji yadda yaƙin Japan ya kasance a bakin waɗanda ya ci a gida.

Tun 1979 suka fara wannan aiki, suna bin dattawa da rikoda. Ni ɓangaren mamayar Japan na shiga, wato daga 15 ga Fabrairu 1942, ranar da Janar Percival na Ingila ya miƙa wuya a masana'antar Ford, zuwa Satumba 1945. An yanka kowace hira faifai-faifai, akwai taƙaitaccen bayani a kan abin da ke cikin faifan, wasu kuma har da rubutun maganar. Sai in sa a kunne ina bin rubutun da ido.

Rogo ne ya fi tsaya mini a rai. Shinkafa ta yi wuya, sai mutane suka koma shuka rogo da dankali a duk inda suka ga ƙasa, kuma za ka ji tsoho yana ambatonsa da muryar wanda ya ci har ya ƙosa. Ga kuɗin da Japanawa suka buga, wanda jama'a suka yi wa laƙabi da kuɗin ayaba saboda hoton bishiyar da ke kan takardar dala 10. Kafin a gama yaƙi ya zama takardar tsire. Ga marin da soja ke kwaɗa wa wanda ya wuce shinge bai rusuna ba. Littafi zai faɗa maka waɗannan a layi biyu, amma ba zai ba ka shirun da mutum yake yi kafin ya ci gaba da magana ba.

A kan Sook Ching kuwa, wato kisan gillar da sojojin Japan suka yi wa Sinawan Singafo, sai da na cire abin kunne na fita shan iska. An tara mazan Sinawa 'yan shekara 18 zuwa 50, wasu aka buga musu hatimi a hannu ko a riga aka sallame su, wasu aka loda a motoci zuwa bakin ruwa a Changi da Punggol aka harbe. Na kuma saurari Elizabeth Choy, wadda 'yan sandan sojan Japan suka tsare kusan kwana 200 a ginin YMCA, wata ƙungiyar matasa Kiristoci, suna gana mata azaba, har da wutar lantarki, saboda ita da mijinta suna kai wa fursunoni magani da saƙo a ɓoye.

Wahalar da na sha daga wajena take. Hirarraki da yawa da Sinanci, Malay ko Tamil aka yi su, ni kuwa Turanci kawai nake ji, shi ma irin na bakinsu sai da kunnena ya saba. Data kuma ta ci kuɗina. Yanzu da dare nake sauraro, bayan yara sun kwanta, faifai ɗaya ko biyu.