Fensir ko kwamfuta? Amsa ga ƙaninmu kafinta mai son koyon zane

Assalamu alaikum. Ƙanena da ka yi tambaya ko ka sayi laftof da allon zane na kwamfuta ka shiga ajin koyon manhaja, ko kuwa ka zauna ka koyi zane da hannu don nuna wa masu ba ka aiki abin da ke ranka: riƙe kuɗinka, ka sayi fensir da rula. Duka biyun sun ratsa hannuna a shagona, ɗaya har gobe shi ke ciyar da ni, ɗayan kuwa yana cikin kwalinsa a saman sif.

Bari in fara da ranar da na san darajar fensir. Wata Hajiya ta zo da ƙanwar mijinta za su yi wa 'yarsu kayan ɗaki. Ta miƙo min waya, ga hoton wani gado ɗan Turkiyya da ta gani a Instagram, fuskarsa ta kusa taɓa silin, ga durowa hagu da dama, ga sif mai ƙofa shida. Ta ce haka take so, kada a rage komai. Na tambayi girman ɗakin amarya, suka kira ango ya auna, ya ce ƙafa 12 ne ta kowane gefe. Da a da ne sai in ce "ba damuwa Hajiya, za a yi", in karɓi kafin alƙalami, rigima ta jira mu ranar jere. Ran nan sai na jawo littafina na zana ɗakin kamar ana leƙo shi daga sama, na sa ƙofa da taga inda ango ya ce suke. Na ɗora gado mai katifa shida-shida, wanda da katakonsa da fuskarsa sai ya doshi ƙafa 7 a tsawo, na sa sif mai faɗin ƙafa 8 da zurfin ƙafa 2 a bangon da ke fuskantarsa. Abin da ya rage tsakanin ƙafar gado da sif ƙafa 3 ne, in an buɗe ƙofar sif sai mutum ya raɓe. Madubi kuwa bai ma samu wurin tsayawa ba.

Hajiya ta yi shiru tana kallon takardar. Can sai gwaggon amarya ta karɓi fensirin daga hannuna, ta ja layi ta soke ƙofa biyu daga sif, ta ce a mayar da madubin jikin ƙofar tsakiya. Wallahi shawararta ta fi tawa kyau. Muka sake zanawa a sabon shafi, na rubuta awo a kowane gefe, suka sa hannu, na ɗauki hoto na tura wa Alhaji ta WhatsApp. Duk abin bai kai rabin awa ba. Daga gidan nan na samu aikin aure uku, kuma ba a taɓa dawo min da ko durowa ɗaya ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne hannun gwaggon nan da ya miƙo. Fensir kowa na iya karɓa ya ce "a'a, nan nake nufi". Babu dattijuwar da za ta karɓi linzamin kwamfuta daga hannunka ta gyara maka zane. Za ta ce ya yi kyau don kunya, ta tafi gida da abin da ke ranta.

Laftof da allon zanen kuwa, na saye su da kuɗin da zai ishe ni katakon gado biyu. Suna fitar da zane tsaf, ban hana ba. Amma kafin in kunna, in buɗe manhaja, in tuna inda ake latsawa, mai aiki ya fara duba agogo, ga ƙurar zarto tana shiga fanka, ga wuta sai an ga dama. Iyakar abin da zan ce a kansu ke nan a yanzu.

Mutane da yawa suna tsoron fensir saboda sun ɗauka sai wanda aka haifa da baiwa. Ba fuskar mutum za ka zana ba, ƙanena. Kusan duk abin da muke ƙerawa akwati ne: sif akwati ne a tsaye, gado akwati ne a kwance, durowa akwati cikin akwati, kabad ɗin kicin jerin akwatuna. In ka iya zana akwati ta fuska uku, ka ci rabin karatun. Fuska ukun su ne gaba, gefe, da sama. Na gaba shi mai aiki ke so ya gani. Na gefe shi ke nuna zurfi, kuma a nan ake yawan samun saɓani. Na sama shi ke gaya maka ko kayan za su shiga ɗakin. Ka jera su a shafi ɗaya, na sama a kan na gaba, na gefe a kusa da shi, layukansu su dace da juna.

Sai maganar sikeli, wadda ita ce ta raba zanen aiki da zanen wasa. Tun da mu da inci da ƙafa muke awo, ɗauki mafi sauƙi: inci ɗaya a takarda, ƙafa ɗaya a katako. Sif mai faɗin ƙafa 8 da tsayin ƙafa 7 zai zama inci 8 da inci 7, kuma zai shiga takardar A4 in ka kwantar da ita, domin tsawonta ya ɗan haura inci 11 da rabi, faɗinta ya ɗan haura inci 8. In da santimita ka saba, yi 1:10 (santimita ɗaya a takarda, goma a katako) ga ƙananan kaya, 1:20 ga ɗaki sukutum. Ni da littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan firamare na fara, kowane gida na ɗauke shi inci 3, gida huɗu ƙafa ɗaya. Layukan suna riƙe maka hannu har ya saba. Bayan nan ka koyi zanen da ke nuna fuska uku a lokaci guda, wanda ake jan layukan gefe a karkace da digiri 30. Sikwayar roba mai 30 da 60 da ke cikin akwatin lissafin 'yan sakandare ita ke yin wannan aikin. Kuma kullum ka tsayar da ɗan mutum a gefen zanen, ko da sanda-sanda ne, mai tsayin ƙafa 5 da rabi. Da shi mai aiki zai gane cewa saman sif ɗin ya fi ƙarfin hannun amarya.

Akwai zane na biyu da mai aiki ba ya gani, kuma shi ke tsare maka riba. Kafin ka tafi 'Yan Katako a Na'ibawa, zana kowane falle na filawud ko MDF (allon garin katako da aka matse) a takarda, ƙafa 4 da ƙafa 8, ka shimfiɗa gunduwoyin da za ka yanka a cikinsa. Falle ɗaya zai ba ka gefen sif biyu masu tsayin ƙafa 7, ya bar maka guntu mai ƙafa 4 da kusan ƙafa ɗaya, wanda zai yi fuskar durowa. Kada ka rubuta zurfin inci 24 cif, domin bakin zarto yana cin nasa rabo, wajen milimita 3 kowane yanka, ga kuma gyaran baki. Ni inci 23 da rabi nake rubutawa. Tun da na fara wannan lissafin a takarda na daina komawa kasuwa don falle ɗaya, na kuma daina tara gutsattsarin da ba su da amfani a bayan shago.

Wani abu kuma da zanen hannu ya koya min: kayan da ake saukowa da su daga intanet ba don ɗakunanmu aka tsara su ba. Sif ɗin Turawa rabinsa wurin rataya ne, saboda kwat da riguna suke ratayewa. Amaryarmu atamfa da leshi da shadda take ninkewa, maigida babbar riga yake ninkewa, ga akwatunan lefe suna neman wurin zama a sama. In da hannunka kake zanawa, dole ka tsaya ka tambaya me za a sa a ciki, sai ka ƙara kanta ka rage rataya. Haka in aikin na cikin gari ne, ka tambayi faɗin lungu da ƙofar soro, ka nuna a zanen inda sif zai rabu biyu ko uku don a shiga da shi. Na taɓa kwance sif a bakin lungu ana kallo, 'yan jere suna jira, kuma ba na fatan hakan ga kowa a cikinku.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Mai zanen babbar riga da alƙalami yake fitar da aska takwas ko aska biyu a jikin ƙyalle kafin maɗinki ya sa allura, haka mai zanen hula. Tun kafin manhajar zane ta AutoCAD ta fito a 1982 ake mu'amala da zane tsakanin mai tsarawa da mai aikatawa a Kano. Mu kafintoci ne muka tsaya a kan "ka gane ai, irin na gidan wane".

Ba ka tambaye ni ba, amma zan faɗa saboda na san zuciya na iya rinjayarka zuwa kasuwa. Akwai masu sayarwa marasa tsoron Allah. Wanda ya sayar min da tawa laftof ɗin ya rantse batir na yin awa huɗu, ya nuna min a cike. Ban yi sati ba sai ga shi da an zare caja take mutuwa, da na koma ya ce ai kayan hannu ba su da garanti. Wasu suna manna takardar Core i7, alamar na'ura mai ƙarfi, a jikin tsohuwar na'ura, don haka kada ka yarda da abin da ke manne, a buɗe maka bayanan cikinta ka karanta da idonka. A zare caja a gabanka, ka zauna da ita ko minti 30 kana kallon yadda cajin ke sauka. Alƙalamin zane ma akwai na gaske, wanda in ka danna layi ya yi kauri in ka sassauta ya sirance, irin na Wacom ko Huion, akwai kuma mai bakin roba da bai fi yatsanka komai ba, a sa shi cikin kwali mai kyau a ce maka na ƙwararru ne. Gwada kafin ka biya, a rubuta maka rasit da lambar na'urar, ka kuma tafi da wanda ya san kan abin. Haka masu cewa za su mayar da kai gwani cikin sati biyu: ka ce su nuna maka aikin ɗalibansu, ba hotunan da suka sauko da su ba. Manhajar da suke ɗora wa mutane kyauta sau da yawa ta sata ce, ranar da ta kulle da aikinka a ciki ba mai amsa maka waya.

Inda kwamfuta ta zama dole shi ne in za ka kai allo a sassaƙa maka da injin CNC mai aiki da kwamfuta, don injin ba ya karanta fensir, ko in kamfani ya nemi zane bugagge kafin ya ba da kwangila. Ko a nan ɗin, zanen hannunka mai awo za ka kai wa yaron da ya iya manhajar zane ta CorelDRAW ko SketchUp ya juya maka, ka biya shi ladansa. In zanenka a takarda daidai yake, aikinsa ba ya daɗewa. In babu awo, shi ma tambayarka zai yi ta yi.

Ga abin da za ka saya gobe in Allah ya kai mu: fensir HB don layin farko, 2B don ƙarfafa layin da ka amince da shi, kilina, rula mai inci da santimita, akwatin lissafi, littafi mai gida-gida, da katako mai maƙali don ɗora takarda. In ka samu tsohon littafin zanen fasaha na sakandare wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari, haɗa da shi. Ka kuma nemi wanda ya yi makarantar fasaha irin ta Wudil ko Bagauda ya zauna da kai ko sau uku ne ya gyara maka riƙon rula. Kullum bayan sallar asuba, kafin yara su buɗe shago, auna abu ɗaya da ke gabanka, benci ne ko tebur ko ƙofa, ka zana fuskokinsa uku da awonsa. Sauran kuɗin ka ƙara a jari. In ka yi wata ɗaya, turo min hoton shafi na farko da na ƙarshe in duba maka.