Tafiyarmu Zanzibar: komai ya tafi daidai sai ranar Kizimkazi

Mutane sun dame ni da tambaya tun da muka dawo, ko kamfanin nan mai haɗa tafiyar Zanzibar ya ci kuɗinsa. Ba zan kama suna ba. Duk wanda ya ga tallarsu a Instagram ya san su, ya kuma san abin da suke karɓa a kan kowane mutum. Ni da uwargida da autarmu muka je, a cikin rukunin da aka haɗa mu da wasu 'yan Najeriya da Turawa.

Zan fara da gaskiyarsu. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an tura takardunsa an jira amincewa, kuma su suka bi mana wannan har ta fito. Inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024 ma sun gaya mana tun muna gida. Muna sauka mota na jira. Otal ɗin da suka fara sa mu a Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, tsaf yake, masallaci na bayansa, abinci kuwa ba ka ma tambayar halal ne ko a'a, domin kusan kowa a tsibirin Musulmi ne. Asubar farko na ji liman ya ɗago daga ruku'u ya kama alƙunut a bayyane, jama'a na amsa amin, sai na tuna ƙasar Shafi'awa nake.

Ranar zagayen tsohon gari, da a nan tafiyar ta ƙare, da ban rage musu komai ba. Jagoran da suka ba mu ɗan garin ne, ya san lungunansa, kuma ba ya ɓoye abin kunya. Ya kai mu cocin Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873 zamanin Sarki Barghash bisa matsin Turawan Ingila. Muka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin inda ake tsare bayi. Ba ka iya miƙewa sosai a ciki. Uwargida ba ta daɗe ba ta fita. Da wani Bature ya so ya ɗora komai a kan Turawa, jagoran ya ce a'a, wannan kasuwar Larabawan Oman da attajiran Suwahili ne suka riƙe ta, ya nuna mana gidan Tippu Tip, wanda ya tara dukiyarsa da hauren giwa da bayi daga can cikin Kwango, ya rasu a 1905. Na ji nauyin maganar, domin masu sallah ne irinmu, amma na fi son a faɗa mini haka da a yi mini kwana-kwana. Beit al-Ajaib, fadar da Barghash ya gina a 1883, ginin farko da ya samu lantarki a garin, daga waje kawai muka gan ta, a rufe take, wani sashenta ma ya rufta a Disambar 2020. A gabanta ya tsayar da mu ya ba mu labarin yaƙin 1896, da jiragen ruwan Ingila suka yi wa fadar sarki luguden wuta, aka gama komai ba a cika minti 45 ba. Da dare muka sha ruwan rake da citta da lemun tsami a Forodhani, lambun bakin teku da ake cin kasuwar abinci da dare. Kifin da ake jerawa a can dai ku duba da kyau kafin ku nuna, ba duka ne na ranar ba.

Tsibirin Changuu ma ba laifi. Kurkukun da aka gina a 1893 bai taɓa ɗaukar fursuna ba, sai aka mai da wurin na killace masu cuta. Manyan kunkurun nan kuwa daga guda huɗu suka faro, kyautar gwamnan Seychelles a 1919. Autarmu ta shafa wuyan wani, ya miƙe a kan ƙafafunsa yana lumshe ido, ita da barin wurin sai da aka ja ta. Cunkoso ne kawai ya yi yawa.

To, sai ranar Kizimkazi.

Ni abin da ya sa na zaɓi wannan kamfanin a kan wani mai rahusa shi ne layi ɗaya a takardar shirinsu: kallon dolfin da safe, sannan ziyarar masallacin Kizimkazi. Masallacin nan yana da rubutun Kufi a jikin bangon alƙiblarsa mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma yana cikin mafi tsufan masallatai a gabar Afirka ta Gabas. Kafin in biya sai da na kira matar da ke ofishinsu na tambaye ta, ta ce, "Alhaji, yana ciki, ka kwantar da hankalinka." Saƙon da ta biyo da shi yana nan a wayata.

Aka tashe mu tun duhu, sallar asuba ma a wani ƙauye na bakin hanya muka yi ta, bayan na matsa wa direba. Kizimkazi tana can ƙarshen kudancin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar fiye da awa ɗaya. An canza mana jagora, aka ba mu wani saurayi mai baƙin gilashi wanda wayarsa ba ta sauka daga kunnensa. A bakin ruwa aka zuba mu a kwale-kwale mai inji. Rigunan ceto ba su ishe mu ba, wadda aka ba autarmu igiyarta a tsinke take, sai ɗaure mata aka yi da wani ƙyalle. Na yi magana, ya ce, "Mzee, ba matsala, ruwan a kwance yake." Ba a kwance yake ba.

Abin da na zata shi ne za a kai mu wani wuri a kashe inji, mu jira dabbobin su wuce mu gan su. Ashe farauta ce. Da wani ya hango ƙayar bayan dolfin ta ɓullo a saman ruwa, sai kwale-kwalen da ke wurin duka su zabura a guje su nufi wajen, kamar 'yan acaɓa sun hango fasinja ɗaya. A sha gabansu, a yi ihu, Turawa su yi tsalle su faɗa ruwa a kansu. Dolfin ba kifi ba ne, iska yake shaƙa, yana shayar da 'ya'yansa nono, dole ne ya ɗago ya numfasa. Wannan ɗagowar ta dole ita ake jira a rufe shi. Sai su nutse, su ɓullo can nesa, a sake bin su. Na ga wata da ɗanta a gefenta, farfelar injin wani kwale-kwale ta wuce dab da su. Mun fi awa biyu a haka. Hayaƙin fetur da igiyar ruwa suka haɗu, uwargida ta yi ta amai, ta riƙe hannuna tana cewa, "Alhaji, don Allah ka ce su mai da mu." Na ce a juya, jagora ya ce sauran ba su samu hoto ba tukuna. Wata Baturiya a cikinmu ma ƙin shiga ruwan ta yi, ta ce wannan ba kallo ba ne, cin zali ne, kuma na yarda da ita.

Muka fito a jigace. Na zaunar da uwargida a inuwa ta sha ruwan kwakwa, na ce wa jagora to sai masallaci. Ya dubi agogo, ya ce lokaci ya ƙure, ana jiranmu a dajin Jozani. Na nuna masa takardar. Ya ce shi ba a gaya masa ba, kuma ai ba wani abin gani a wurin, tsohon ɗaki ne da rufin kwano, baƙi ba sa tambayarsa. Masallacin yana unguwar Dimbani, ba nisa da inda muka tsaya. Na ce minti goma sha biyar ya ishe ni, kowa ya zauna a mota. Sai ya juya ya tambayi sauran mutanen bas wa ke son zuwa masallaci, a gabana, yana murmushi. Mutane sun gaji, sun jiƙe, wa zai ɗaga hannu? Abin da na biya kuɗi a kansa aka mayar abin ƙuri'a. Ban ƙara cewa komai ba, domin in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba na dattijo ba ne.

Da wannan zuciyar na shiga Jozani, kuma dajin bai cancanci haka ba. Shi ne kaɗai gandun daji na ƙasa a Zanzibar, kuma jan birin da ke cikinsa asalinsa na tsibirin ne, ƙidayar da aka yi ta nuna ba su kai 6,000 ba. Bayansu ja, gashin kansu fari a tsaitsaye, babban yatsan hannu kusan babu. Ma'aikacin gandun, wanda shi kam ya san aikinsa, ya ce suna cin gawayi don ya kashe musu dafin ganyen da suke ci, har sukan ɗauka daga wurin masu ƙona shi. Sun saba da mutane ƙwarai, suna cin ganye a saman kanka ba ruwansu. Mun bi gadar katako ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, ƙananan ƙaguwa na ta shiga ramukansu. Duk wannan bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne bayan nan. Mutumin da ya ce ba lokaci ya kai mu wani gidan abinci a bakin teku muka zauna har la'asar ta kusa, sannan ya tsaya da mu a shagon sayar da zannuwa da sassaƙe-sassaƙe, inda mai shagon ya tarbe shi da runguma. Kowa ya gane lissafin.

Ranar da aka ware mana ta hutu na ɗauki shatar mota da kuɗina na koma Kizimkazi ni da auta. Gaskiyar saurayin nan ɗaya ce, daga waje gini ne ƙarami da rufin kwano, kuma yawancin abin da ke tsaye an sake gina shi ne a ƙarni na 18. Aka nemo mana dattijon da ke riƙe da mabuɗi, ya zo ba gaggawa, muka gaisa da ɗan Larabcin da muke da shi ni da shi. Rubutun yana nan a gefen mihrabi, an sassaƙa shi a dutsen teku, haruffan suna fitar da rassa da ganye. Ya bi layin da yatsa yana karanta mini har ya kai ga shekarar. A lissafin tarihin Kano, wannan ya faɗa zamanin Sarki Gijimasu da ya fara ganuwa, shekaru fiye da 200 kafin Wangarawa su zo zamanin Yaji. A lokacin nan masunta a wannan ƙauyen suna da masallacin dutse. Kuma har yau ana salla a cikinsa, na yi azahar tare da mutanen unguwa. A waje akwai tsofaffin kaburbura da ya ce na sharifai ne. Bai yanka mini kuɗi ba, na ba shi abin da ya sawwaƙa don masallaci. Wannan ne abin da aka ce mini ba wani abin gani.

Bayan nan sai idona ya buɗe a kan wasu abubuwan da na yi ta kawar da kai. A gonar kayan ƙamshi, wadda aka ce an biya komai, mun ga kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi a jikin itacensu, abin sha'awa ne ga wanda a kasuwar Kurmi kawai ya san su, amma mai hawa kwakwa da mai saƙa hular ganye da mai yanka 'ya'yan itace kowa sai ya tsaya a gabanka da hannu, jagora ya kau da kai. Otal na biyu da suka kai mu a gabashin tsibirin an ce mana ɗaki mai kallon teku ne, sai ka leƙa ta gefen tagar banɗaki kake ganin ruwa. Ba wanda ya gaya mana cewa a wannan gabar ruwan yakan janye ya yi nisa sau biyu a yini, auta ta sa ran wanka ta tarar da fili. Wannan dai ya zo da alherinsa, mun taka har inda mata ke noman ciyawar teku a jikin igiyoyi da turaku, sun kuma yi ta dariyar takalmana.

Da muka dawo na rubuta wa kamfanin, na haɗa da hoton takardar shiri da rasiɗin motar da na ɗauka. Kuɗin motar kawai na nema. Matar nan ta kira ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, abokan hulɗarmu na can ne suka yi mana haka." Na ce ni ban san su ba, ku na ba kuɗi. Ta ce za su yi mini rangwame a tafiya ta gaba. Na tambaye ta ko za su cire layin masallacin daga tallarsu tunda ba sa kai mutane, ta ce za ta gaya wa oga. Na duba shafinsu jiya, layin yana nan, har sun ƙara masa hoto.