Hoton jijiyar zuciya da ta wuya: wanne za ka biya wa kuɗinka?

Kitse kan ɗauki shekaru yana taruwa a bangon jijiyar jini, ya daskare, kalsiyam ya hau kansa, hanyar jini ta yi ta ƙuntata. In a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ne, mutum kan ji ƙirjinsa ya ɗaure in ya hau bene ko ya yi sauri. In kuwa a manyan jijiyoyin wuya ne masu kai jini ƙwaƙwalwa, ƙarshen lamarin kan iya zama shanyewar ɓarin jiki. Hanyoyin dubawa sun kai biyar, kuma kowace cibiya abin da take da shi take yabo.

Ni dai ga mai ciwon ƙirjin da ke tasowa da aiki ya lafa da hutu, zaɓina siti-sikan (CT scan, hoton cikin jiki da hasken X-ray) na zuciya mai allurar ruwan aidin. Ana zuba ruwan ta jijiyar hannu, ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, ka riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma, an gama. Yana nuna cikin jijiyar da bangonta duka: inda ta ƙuntata, girman ƙuntatar, har da kitse mai laushi wanda bai riga ya daskare ba, shi ne kuwa mai saurin fashewa ya kawo bugun zuciya. Tun 2016 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta sa shi a gaba wajen binciken irin wannan ciwon ƙirji. A binciken SCOT-HEART da aka yi a Sikotlan kan mutum 4,146, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, bayan shekara biyar kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton ne suka samu bugun zuciya ko suka mutu da ciwon, alhali a cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 3.9 ne. Babban dalili shi ne likita ya ga cutar da idonsa, ya ɗora mutum kan magani da wuri.

Ga wanda ba ya jin komai amma ya haura 40 da hawan jini ko yawan kitse a jini, awon kalsiyam ya wadatar. Siti-sikan ne shi ma, ba allura, hasken da ke shiga jiki kaɗan ne. Lamba ake ba ka, bisa ma'aunin da likita Arthur Agatston ya fitar a 1990. Sifili albishir ne, 100 zuwa sama kan sa likita ya fara maganin rage kitse. Sai dai sifilin ba ya wanke mai ciwon ƙirji, don kitse mai laushi ba ya fitowa a ciki.

A wuya, fara da sikanin na Dofla, irin na masu ciki ne amma yana duba gudun jini: ba haske, ba allura, ya fi araha. Sai ya nuna ƙuntata mai yawa, ko mutum ya taɓa samun karkacewar baki ko mutuwar hannu ko da na mintuna ne, sannan a wuce siti-sikan na wuya. Mai lafiya garau ba ya buƙatar ko ɗaya. MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, tsada da jinkiri. Zura bututu ta jijiyar hannu ko cinya kuma na wanda za a buɗe wa jijiya ne.

Yanzu ga inda muka ƙone. Na kai yayana wata cibiya a yi masa siti-sikan na zuciya, muka biya kuɗi masu nauyi. Ba wanda ya auna saurin bugun zuciyarsa, ba wanda ya hana shi goro, shi kuwa ya ci da safe. Da muka kai sakamakon, likitan zuciya ya ɗaga hoton ya ce, "Alhaji, wannan ya yi dishi-dishi, ba na iya karanta komai." Ashe injinsu mai yanka 16 ne, wato siraran hotuna 16 kawai yake ɗauka a juyi ɗaya. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, ba ka tambaya ba?" Har yau maganar tana damuna. Sai da muka sake biya a wani wuri.

Saboda haka kafin ka zaro ko sisi, tambayi yanka nawa injin ke yi. Ƙasa da 64, juya ka tafi. Tambayi ko suna ba da maganin rage saurin bugun zuciya, don hoton ba ya kyau sai bugun ya sauko kusan 60 a minti. Tambayi wa zai karanta hoton, kuma ko za a ba ka shi a faifai. Cibiyar kirki za ta hana ka goro da kofi da shayi mai kauri tun daren jiya, ta nemi gwajin ƙoda kafin allurar aidin, ta tambayi mai ciwon suga ko yana shan metformin, ta tambayi mace ko tana da ciki. Wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra ya faɗa ba kunya, domin ƙwayar da ake sa wa ƙarƙashin harshe kafin hoton in ta haɗu da shi jini kan faɗi warwas.

Abin da ya fi ƙona min rai su ne masu yawo da ƙaramar na'ura a jaka, a kasuwa da ofisoshi da ƙofar masallaci. Su ba ka wani ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta fito da takarda wai jijiyar zuciyarka ta toshe kaza cikin ɗari. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu na'urar da ke ganin cikin jijiya ta tafin hannu. Daga nan sai a buɗe wata jakar a fito da kwalaben "wanke jijiya", har a ce ka ajiye maganin hawan jininka. Na ga dattijuwar da ta bar nata a kan haka. Akwai kuma dillalan fita waje masu tallan "hoton jiki gaba ɗaya", su cusa maka gwaje-gwajen da ba likitan da ya rubuta, su yanki kamashonsu. Duk wanda ya ce zai yi maka siti-sikan ba takardar likita, ba gwajin ƙoda, kuɗinka yake so.

In kuwa ciwon ƙirji ya kama ka kana zaune, da gumi, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, bar zancen zaɓen hoto. A kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a yi maka ECG, wato awon lantarkin zuciya, nan take.