Sharhi kan darasin murya na Luka 2:41-52

Wannan darasin murya na nazarin Littafi Mai Tsarki ya gamsar da ni ƙwarai, musamman inda malamin ya bayyana zuwan Yusufu da Maryamu Urushalima domin Idin Ƙetarewa, Yesu yana ɗan shekara 12. Ya nuna cewa cikin ayarin dangi ake tafiya, shi ya sa iyayen suka yini suna tafiya kafin su ankara ba ya tare da su. Ya kuma haɗa amsar Yesu a Haikali game da gidan Ubansa da biyayyar da ya yi musu a Nazarat. Sai dai sautin yakan dusashe a tsakiya, kuma an taƙaita asalin idin, wato Fitowa 12, fiye da kima.