Littafin distofiya ko na 'yan ci-rani, wanne ya kamata ka fara saya?

Yadda dala ta sa littafin waje ya yi tsada yanzu, ba mai shiga kanti ya kwaso goma a tashi ɗaya, sai dai ka zaɓi biyu ko uku ka haƙura da sauran. To idan kai ɗalibin adabi ne da aka ba ka aiki kan jigon tunawa da 'yanci da sanin kai, ko kuma ƙungiyar karatu gare ku kuna neman abin da za ku yi muhawara a kai, shawarata kar ka sayi biyu daga ɓangare guda. Ɗauki ɗaya na distofiya, wato labarin ƙirƙirarriyar duniya da mulkin danniya ya gama shaƙe ta, ka haɗa da ɗaya na 'yan ci-rani. A na farkon hukuma ce ke ƙwace wa mutum abin da yake tunawa da ƙarfin tsiya, a na biyun kuma mutum ne ke ɗauke da tunaninsa ya tsallaka iyaka ya tarar ba mai buƙatarsa a can. Sai ka jera su tukunna za ka sami abin rubutawa.

A ɓangaren distofiya kowa 1984 na George Orwell yake fara ambata, wanda ya fito a 1949, kuma gaskiya ya ci sunansa. Winston Smith aikinsa a ma'aikatar gwamnati shi ne gyara tsofaffin jaridu su dace da abin da jam'iyya ta faɗa yau, na asalin a jefa a wani rami ya ƙone, don haka jigon tunawa a fili yake ba sai ka yi tono ba. Shi ne kuma mafi sauƙin samu, ga araha. Matsalarsa an tatse shi, duk abin da za ka ce wani ya riga ka, malaminka ma ya gaji da ji. Sannan a kashi na biyu akwai dogon wuri da Winston ke karanta littafin Goldstein, babban abokin gabar jam'iyya, nan mutane da yawa ke yin barci. In za ka saya duba ƙarshensa ka tabbata akwai ratayen nan da ke bayanin sabon yaren jam'iyya, don yana da amfani sosai wurin nazari.

Ni kam da kuɗina The Memory Police na Yoko Ogawa zan ɗauka. Da Japananci ta rubuta shi a 1994, fassarar Turanci ta Stephen Snyder sai 2019 ta fito. Wani tsibiri ne marar suna inda abubuwa ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, yau tsuntsaye gobe furen wardi jibi hotuna, kuma ba wai abin ne kaɗai ke tafiya ba har ma'anarsa ke gogewa a zuciya. Ranar da wardi ya ɓace mutane sun tashi sun ga kogi cike da furanninsa yana tafiya da su, suka tsaya suna kallo, bayan kwana kaɗan ba wanda abin ya dama. 'Yan tsirarun da ba sa mantuwa su 'yan sanda ke farauta, shi ya sa mai ba da labarin, wadda marubuciya ce, ta ɓoye editanta a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin daɓen gidanta. Abin da ya sa na fifita shi a kan na Orwell, a nan ba azaba ce ke karya mutane ba, sabo ne, kowa sai ya ce ai ba komai rayuwa ta ci gaba. Amma fa a hankali yake tafiya, ba faɗa ba tsere, kuma ba zai taɓa gaya maka dalilin ɓacewar ba, mai son a warware masa komai a ƙarshe zai ji haushi.

Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953, gajere ne ana gama shi a ƙarshen mako, 'yan kwana-kwana ne ke ƙona littattafai maimakon kashe gobara, a ƙarshe ɗaya daga cikinsu mai suna Montag ya haɗu da mutanen da kowannensu ya haddace littafi don kar ya salwanta. Ya dace da mai fara karatun Turanci mai nauyi. The Handmaid's Tale na Margaret Atwood, 1985, shi ne mafi ƙarfi kan 'yancin mace da sunanta, an raba mai ba da labarin da 'yarta da aikinta an liƙa mata sunan kwamandan da take gidansa, sai dai akwai wuraren kwanciya masu tayar da hankali, ba na ba ƙanwarka 'yar sakandare ba ne. Ita The Giver na Lois Lowry za ka saya mata, na 1993, yaro ɗan shekara 12 da aka ɗora wa tunanin al'umma gaba ɗaya.

A ɓangaren ci-rani By the Sea na Abdulrazak Gurnah ne ya fi zama daidai da na Ogawa. Ya fito a 2001, marubucin ɗan Zanzibar ne da ya je Ingila gudun hijira yana matashi, ya ci Nobel a 2021, kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980. Dattijo Saleh Omar ɗan shekara 65 ya sauka filin jirgin Gatwick da fasfo mai ɗauke da sunan wani mutum daban, yana yi kamar bai jin Turanci alhali ya iya sarai, abin da ya fi daraja a jakarsa ɗan akwatin katako ne na turaren oud. Jami'in shige da fice ya buɗe ya shinshina ya ce za a kai gwaji, shi ke nan turare ya tafi. Daga ƙamshin nan ne dattijon ya shiga ba mu labarin shagonsa na kayan ɗaki da bashi da gidan da aka yi rigima a kansa da shekarun da ya yi a tsare. Daga baya ya haɗu da Latif Mahmud, ɗan mutumin da ya ari sunansa, kowa da yadda yake tuna abin da ya faru kuma ba su dace ba. Duniyar Musulmi ce ta gaɓar teku da mai karatu Bahaushe zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. Jimlolinsa dogaye ne, yana son natsuwa.

Idan sanin kai ne kan gaba a aikinka to The Namesake na Jhumpa Lahiri, 2003. Ma'aurata 'yan Kalkata sun haihu a Amurka, suna jiran wasiƙar kaka mai ɗauke da sunan jariri ba ta iso ba, asibiti kuma ya ce ba sallama sai an rubuta suna a takarda, ka yi tunanin a ce maka ba jiran kwana bakwai ba rago ba huɗuba, yanzu-yanzu ka faɗi suna. Uban ya ce Gogol, sunan marubucin Rasha da yake karantawa daren da ya tsira daga hatsarin jirgin ƙasa, yaron ya tashi yana ƙin sunan har ya sauya shi zuwa Nikhil. Turancinsa mai sauƙi ne, akwai fim ɗinsa na 2006 da Irrfan Khan da Tabu, amma kar ka kalli fim ka ce ka karanta.

Americanah na Chimamanda, 2013, yana ko'ina a Najeriya kuma yana da daɗi, musamman wurin da Obinze, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ke aiki a Landan da katin wani ana kiransa Vincent, sai dai kauri gare shi kuma ya fi karkata ga launin fata da soyayya. Mai jin Larabci ya nemi Mawsim al-Hijra ila al-Shamal na Tayeb Salih ɗan Sudan, 1966, a harshensa na asali, ƙarami ne amma mai zafi, shi ma ba na yara ba ne. Kuma kar a raina na gida, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tun 1934 yake ba da labarin yaron da aka sace aka tsallaka Sahara da shi uwarsa ta bi sawu, in malaminka ya yarda ka haɗa shi da na Gurnah za ka fito da abin da ba kowa ya taɓa ba.

Wurin saye kuma buɗe tsakiyar littafin kafin ka biya. Bugun jabu takardarsa shara-shara ce rubutun baya na leƙowa, wani lokaci shafuka sun maimaitu ko sun yi tsalle, gam ɗin kuma yana sakin ganye tun karatun farko. Tsohon littafi na asali a hannun masu gwanjo ya fi sabon jabu. Kula da taƙaitaccen bugu da ake yi wa masu koyon Turanci, 1984 yana da irinsa, bangon kamar na gaske amma an zubar da fiye da rabin labarin. Idan ƙungiya ce ku sayi bugu iri ɗaya don lambar shafi ta dace, haka ma mai rubuta firojet, kwafin da ake turawa a waya sau da yawa lambar shafinsa ba ta yin daidai da na takarda, ranar kare aiki kuma shafi za a tambaye ka.